Delima Mai Ƙarasa Aikin Mutane

A garinmu na bakin tafki, can arewacin lardin Manitoba, idan ka bar shayinka rabi a kofi ka fita korar kare, kada ka dawo kana tambayar wanda ya shanye. Anti Delima Castel ce. Ba don shayin ya burge ta ba, ita ce ma za ta ce maka sukarinka ya yi yawa. Abin da idonta ba ya iya gani shi ne abu rabi da rabi. Shekarunta sittin da uku, gajera ce mai faɗin kafaɗa, tabarau rataye a wuya da igiyar takalmi, kuma ba a taɓa ganin ta wuce aikin da wani ya fara ya ajiye ba tare da ta naɗe hannun riga ba.

Ta taɓa ƙarasa wa maƙwabcinta fentin gida yana kwance a asibiti, da launin da ta ga dama. Mutumin ya dawo ya wuce ƙofarsa sau biyu bai gane ta ba. A coci kuwa, in fada ya tsaya haɗiye yawu a tsakiyar addu'a, daga bencin baya za ka ji ta ce amin, kowa ya miƙe. Amma wanda ya fi kowa ɗanɗana kuɗarsa shi ne mijinta Alphonse, bawan Allah, wanda ya kusa shekara arba'in rabonsa da ya kai ƙarshen magana da bakinsa.

"Delima, ina ganin yau zan..."

"Za ka faskara itace, na sani. Gatarin na bayan ƙofa."

Kamun kifi ya so zuwa. Haka zai ɗauki gatari ya fita yana kallon tafki da gefen ido.

Muna dariya, ba ma musu. Sai dai babu babba a garin da bai san mafarin abin ba. Delima tana da ƙanwa, Norin, mai shekara goma sha tara, wadda ta samu aikin wanke-wanke a wani gidan abinci a birni. Delima ta yi mata alkawarin takalmin fata irin namu na ƙabilar Cree, har ta gama yi wa fuskar takalmin ado da ƙananan duwatsu, furanni shuɗaye masu jan ciki. Saura a haɗa da ƙasa. Shi kuwa wannan takalmi ba a yanka fatarsa da ka. Sai mai ƙafa ta tsaya a kan kwali an zagaye ƙafar da fensir. Norin ta yago kwalin hatsin karin kumallo ta kawo.

"Yaya, zana ƙafata yanzu, ki haɗa mini kafin Juma'a."

Kunnen Delima na manne da rediyo, ana kiran lambobin wasan sa'a na bingo, lamba ɗaya ta rage mata. Ta ce, "Bari a gama wannan zagayen." Ba ta ci ba. Kafin ta waiwayo Norin ta fita wajen ƙawaye. Washegari ta ce gobe, goben ma ta ce gobe. Juma'a ta zo, Norin ta ari fararen takalman kambas na ƙawarta Verna, don ƙafarsu ɗaya, ta je bakin babbar hanya neman mai rage mata hanya, tunda motar haya ba ta zuwa garinmu. An gan ta a mahaɗa da jakarta ruwan ɗorawa. Daga nan ba wanda ya sake ganin ta. 'Yan sandan da suka zo bayan kwana tara suka ce wataƙila saurayi ta bi, za ta dawo in ta gaji. Mazan gari suka yi ta bin ramukan gefen hanya da sanduna har ƙanƙara ta rufe ƙasa.

Shekara talatin da takwas ke nan. Tun daga ranar Delima ba ta sake ce wa kowa gobe ba. Abu ɗaya tak ne ba ta ƙarasa ba a duniya, yana cikin gwangwanin biskit a saman firji: fuskar takalmin Norin, da kwalin nan da ba a zana komai a kansa ba. Sauran kayan Norin sun tafi a gobarar da ta ci gidan mahaifiyarsu, ko silifas ɗaya bai tsira ba. Ƙafa ɗaya ce ta rage a duniya da za a iya aunawa da ita, ta Verna. Delima ta sani, Verna ta sani, duk garin mun sani. Amma in wani mai ƙarfin hali ya taɓo maganar, Delima cewa take, "Mai ƙafa za ta zo da kanta." Tsoro take ji. A ganinta ranar da ta auna da ƙafar wata, ranar ta yarda Norin ba za ta dawo ba.

Ga shi kuma ita da Verna ba sa ga maciji. A ranar farko ta neman Norin, a gaban mutane, Delima ta ce mata, "Ke kika ba ta ƙafar tafiya." Verna ta ce, "Ke kika bar ta ba takalmi." Ba su sake ambaton wannan ba har abada, sai suka mayar da faɗan kan abubuwan da suka fi sauƙin ɗauka. Verna tana yaɗawa cewa gurasar banok da Delima ke soyawa da ita ake tare tayar mota a gangare. Delima tana cewa karen Verna ya fi uwar ɗakinsa murya, shi ya kamata a saka a ƙungiyar waƙar coci. In suka haɗu a kanti, mai kanti yakan rage rediyo don kada wani abu ya wuce shi.

To, matan garinmu suna da ƙungiya. Su ke tsara wanda zai kai 'yan mata birni da mota don kada wata ta sake tsayawa a mahaɗa ita kaɗai, su ke zama da iyalan da aka rasa wa mace, su ke buga ƙofar ofisoshi har a gaji da su a buɗe. Shugabarsu Tanis ce, 'yar ƙanin Alphonse, wadda ta yi karatu a birnin Winnipeg ta dawo da ƙwazo da kwamfuta da jawabin da ba shi da ƙarshe. Delima tana ƙaunar yarinyar, amma ta daɗe da gano cewa abin jin da likita ya saka mata a kunne yana da maɓalli. Da zarar Tanis ta ce, "Kafin in fara," sai Delima ta kai hannu kamar mai gyara gashi ta kashe shi. Sai ta zauna tana gyaɗa kai a inda ta ga wasu na gyaɗawa.

A taron watan Afrilu abin da ta gyaɗa wa kai ba ƙarami ba ne. Tanis ta bayyana cewa bana, ranar biyar ga Mayu da ake tunawa da matanmu 'yan asalin ƙasa da suka ɓace ko aka kashe, gidajen da abin ya shafa a garuruwan da ke kan hanyar nan sun aiko da fuskar takalmi mai ado, kowane gida ƙafa biyu. Da gangan ba a haɗa su da ƙasa ba, kuma ba za a haɗa ba, don a nuna rayuwar da aka katse ba ta kai inda za ta kai ba. Sau uku Tanis ta faɗi wannan, har da nuna hoto a bango. Delima ta kunna kunnenta ne da ta ga an fara zuba shayi, daidai lokacin da ake cewa, "Kwalin takalman zai zauna a gidan Anti, tunda ita ba ta da kyanwa." Washegari Tanis ta tafi zagayen garuruwa da takardun sanarwa, za ta yi wata guda tana shige da fice.

Delima ta buɗe kwalin a teburin kicin, ta saka tabarau, ta riƙe baki.

"Kai, matan yanzu! Dubi aiki mai kyau kamar wannan, amma an kasa ƙarasawa. Har gida goma sha tara, ba ko ɗaya mai zuciya! Shi ya sa suka turo mini, kunyar faɗa suke ji."

Alphonse ya je taron, kuma kunnuwansa lafiya lau. Ya ajiye cokali a hankali.

"Delima, ai waɗannan an ce..."

"An ce a gama kafin biyar ga Mayu, ina wurin."

"A'a, ita Tanis cewa ta yi kada a..."

"Kada a makara. Ka taɓa ganin na makara? Je ka ɗauko mini fatun nan."

Fatun mus ne guda biyu, wata ƙatuwar barewar dajinmu, shi ya harbo dabbobin da kansa, yayarsa ta jeme su da hayaƙi, shekara shida yana ajiyar su yana mafarkin rigar fata mai tuntaye da zai saka a ranar bikin gari. Ya je ya ɗauko.

Saura maganar awo. Kowace fuskar takalmi an maƙala mata takarda da sunan mai ita da lambar wayar gidansu. Delima ba ta iya waya a hankali ba, ihu take yi kamar wanda take kira yana tsallaken tafki. Ta fara da wata Rosalie, mahaifiyar wata yarinya Sherin.

"Ni ce Delima ta bakin tafki! Lamba nawa 'yarki take sakawa?"

Aka kashe wayar. Delima ta sake bugawa.

"Baiwar Allah, ban gama magana ba. Takalmi nake tambaya, lamba nawa?"

Can sai murya ta fito a sanyaye. "Bakwai da rabi. Amma ta hagu ta fi faɗi. Ta taɓa shurin injin kwale-kwale da ya ƙi tashi, ta karya babban yatsa."

"Injin ya tashi?"

"Ya tashi," in ji Rosalie, sai ta fashe da wata dariya da ta rikiɗe ta zama kuka, ta sake komawa dariya. Awa biyu suka yi a wayar. Delima ta ji cewa Sherin ba ta son safa, tana cin albasa ɗanya, tana tsoron kwaɗi. Kifin Alphonse ya ƙone a kasko, ya ci abinsa haka.

Daga nan gidan ya zama shagon tsofaffin takalma. Wasu suka aiko da zanen ƙasan takalmi a takarda, wata ta aiko da silifas na wanka, wata da takalmin sulu a kan ƙanƙara har da ƙarfensa. Wani dattijo ya yi tuƙin awa uku ya kawo takalmi mai tsini ƙafa ɗaya a ledar burodi, ya zauna ya ci banok shida, ya tashi ya riƙe hannun Delima ya daɗe, ya tafi. Ba wanda ya gaya wa Tanis, don kowa ya ɗauka cikin tsarin ne. Delima kuwa ɗinki take yi tun safe, tana haɗa fuska da ƙasa, tana tattare bakin yatsu, tana zagaye idon sawu da gashin zomo. Yatsunta suka kumbura. Tana yi tana yi wa masu takalman faɗa da sunayensu, wannan ƙafarta ta cika tsawo, waccan me ya kai ta saka mai tsini a garin da duk taɓo ne. Sau da yawa idonta kan kai saman firji, sai ta mayar da shi kan allura.

Ranar ta zo. An rataye jajayen riguna, alamar matan da suka ɓace, a shingen makaranta suna kaɗawa a iska. A zauren wasanni an shimfiɗa jan ƙyalle a ƙasa, an yi turaren ganye, kowa ya cire takalmi a ƙofa ya shiga da safa. A bango an ɗaure wani dogon ƙyalle da Tanis ta sa aka rubuta wa "Tafiyar da ba a ƙarasa ba". Saura awa ɗaya baƙi su fara isowa. Alphonse ya shigo da kwalin ya dire, ya ja da baya har bango. Delima na biye da shi tana taku irin na wadda ke jiran yabo.

Tanis ta buɗe kwalin. Ta ɗago takalmi ɗaya cikakke, mai laushi, yana ƙamshin hayaƙi. Ta ɗago na biyu. Ta tura hannu har ƙasa tana lalube.

"Anti, ina... me kika yi?"

"Ba sai kin gode ba, 'yata. Amma wani jiƙon ku riƙa faɗa da wuri."

"Anti, da gangan aka bar su haka! Ba a so a ƙarasa! Sau uku na faɗa, har hoto na nuna!"

Daga wajen tukunyar shayi Verna ta ɗaga murya. "Wa kike gaya wa? Kunnen a kashe yake tun bara. Ku godewa Allah ba ta ƙarasa muku jajayen rigunan ta saka musu hannu da aljihu ba."

Delima ta kai hannu kunne ta ƙara murya. Tanis ta sake bayani, wannan karon gajere, don numfashinta ya ƙare. Sai a lokacin Delima ta gane. Ta juya ta harari mijinta.

"Kai kuma kana zaune kana kallo, ba za ka yi magana ba?"

Alphonse ya ɗaga ido ya dubi rufin zauren.

Tanis ta fara zagaye tana lissafi da yatsu. Takalmi talatin da takwas, mata shida, almakashi uku. In aka fara warwarewa yanzu, wataƙila a gama kafin sarkin gari ya iso. Aka aika ɗakin malamai neman almakashi. Delima ta tsaya tana kallon aikin wata guda, kunya da haushi sun cika mata ciki, ta ce a hankali, yadda ba a saba jin ta ba, "Ni dai na ga hanyar da nisa, ga taɓo. Na ce kada su taho ba takalmi."

Ba wanda ya lura baƙi sun fara shigowa. Wata doguwar mace mai furfura ta nufi kwalin kai tsaye, ta tona, ta ciro takalmi mai adon jan tsuntsu. Ta zura hannu a na hagu. Ta ji faɗin da aka ƙara wajen babban yatsa. Ta rungume su a ƙirji, ta dubi yarinyar da ta shigo da almakashi.

"Wannan na mene ne?"

Tanis ta fara bayani. Rosalie, don ita ce, ba ta bari ta yi nisa ba.

"'Yata, shekara goma sha ɗaya ana tambaya ta ko Sherin na shan giya, da wa take yawo, me ya fitar da ita. Tsohuwar nan ce mutum na farko da ya tambaye ni lambar ƙafarta. Duk wadda ta kawo almakashi kusa da takalman nan, da ni za ta yi."

Dattijon mai ledar burodi ya samo nasa, ya cusa su cikin riga ya zauna a kujera ya naɗe hannu. Kafin minti goma kowane gida ya ɗauki nasa, wasu na kuka, wasu na gwada wa juna laushin gashin zomo. Tanis ta zube a benci tana share hawaye da takardar jawabinta.

"To shi ke nan, na yarda. Amma ku dubi bango. An rubuta ba a ƙarasa ba, kuma ko ɗaya babu wanda ba a ƙarasa ba. Masu ɗaukar hoto za su ce ba mu san me muke yi ba."

"Akwai ɗaya," in ji Verna. Ba ta ɗaga murya ba wannan karon. "Yana saman firji."

Delima ta juyo za ta wanke ta tas. Sai ga Alphonse ya baro bango, ya zuge rigar sanyinsa, ya ciro gwangwanin biskit. Ya dubi matarsa, ya jira ta ƙarasa masa, ba ta ce komai ba. Dole ya yi da kansa.

"Na ga kowa ya zo da tasa, na ce bai kamata a bar Norin a gida ita kaɗai ba."

Delima ta karɓi gwangwanin. Ta taka jan ƙyallen har tsakiya, ta durƙusa da ƙyar, ta shimfiɗa furannin nan shuɗaye guda biyu. Iyalai suka jera nasu kewaye da su. Mutane suka yi ta zagayawa a hankali da safa, aka buga ganga, aka kira sunaye ashirin. Tanis ta yi jawabi mafi gajarta a rayuwarta, kuma Delima ta saurare shi duka da kunne a kunne.

Da rana ta karkata, mutane sun koma wajen miyar nama da banok, Delima na zaune a ƙasa kusa da furanninta ta kasa tashi. Sai ta ga safa mai huji a gabanta. Verna ce. Ta sunkuya ba neman izini ta zaro kwalin daga gwangwani, ya yi ja don tsufa, ta ajiye a ƙasa. Ta tuɓe safar, ta ɗora ƙafa.

"Zana. Gwiwata ba ta son tsayuwa."

"Ba naki ba ne."

"Na sani. Nawa ta ara ta tafi da su, shekara talatin da takwas ba ta dawo mini da su ba. Yanzu ma aro nake ba ta."

Delima ta daɗe tana kallon ƙafar. Sannan ta zare fensirin da ke soke a gashinta, ta fara daga dunduniya.

"Ki daina motsi."

"Cakulkuli kike yi mini."

"Wai ke kin taɓa yanke farcen nan kuwa? Sai ka ce na karenki."

Fensirin ya bi gefen ƙafar, ya zagaye yatsu ɗaya bayan ɗaya, ya gangaro ta ɗaya gefen. Saura faɗin ɗan yatsa ya haɗu da inda ya fara, sai ya tsaya. Matar da ta ƙarasa wa fada addu'a ta kasa ja. Hawaye ya ɗiga a kwalin.

"Verna, in na haɗe layin nan, shi ke nan ke nan ta..."

Ba wanda ya ƙarasa mata. Verna ta dafa kanta, ita ma fuskarta sharkaf.

"In ta dawo suka matse ta, sai ki warware ki sake. Zana, Yaya."

Delima ta share ido da bayan hannu, ta ja fensirin ta haɗe layin.